Malam Yusha'u, Surukin da Babana Ya Samu a Asibiti

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Yusha'u Dodo, jami'in jinya mai kula da masu taɓin hankali a nan Zuru. Yana bakin aiki ya dafe kai ya zauna, zaman da bai tashi ba ke nan. An yi masa sutura bayan la'asar. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Haka 'yan'uwansa Musulmi suke faɗi, mu ma da muke zuwa majami'a ba mu da wata magana da ta wuce wannan.

Malam, ni ce Larai 'yar Saje Haggai, malamar firamaren nan da ka laƙaba wa "uwar gaggawa". Ina tsaye gaban allo ɗanka Jabiru ya kira ni a waya. Muryarsa kawai na ji na san ba lafiya. Da ya faɗa, alli ya suɓuce mini, yara suka zuba mini ido. Ba zan yi maka ƙarya ba, tunda kai ma ba ka taɓa yi mini ba: kafin bakina ya ce Allah ya jiƙanka, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, to gobe wa zai ba Baba magani?

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗora tukunya sai na ji ƙauri nake tunawa da ita. In na shiga ɗaki sai in fito ban san abin da na shiga nema ba. An yi ta yabonka a wurin makoki, har da waɗanda da ranka suke cewa ka cika faɗa, ni kuwa ko kalma ɗaya ban iya furtawa a can ba. Bari in yi tawa a nan. In ta fito a karkace a yi haƙuri, haka zuciyar take.

Babana tsohon soja ne, kamar rabin dattawan garin nan. Ya je Laberiya ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya yi ritaya, ya koma noma. Shekaru biyu da suka wuce mahaifiyarmu Saloma ta rasu, daga nan muka fara ganin abin da ba mu gane ba. Sai ya ajiye takalminsa cikin tukunya. Sai ya ci tuwo ya wanke hannu, ya ce ana horonsa da yunwa. Muka ce tsufa ne. A hankali shekarun suka riƙa zubewa daga kansa, na kusa suka fara tafiya. Ya manta ritaya, ya manta soja, ya manta ya haife mu, har ya tsaya a kan saurayin da yake kafin aure, lokacin da yake golmo. A wurinmu Lelna, da can saurayi ba ya samun mata sai ya yi shekara bakwai yana noma gonar uban yarinya, shi da abokansa. Baba ya yi nasa a gonar kakana Yari, ya gama, aka ba shi Saloma, suka haife mu. Amma a kansa yanzu bai gama ba, kuma in ya yi sake wani zai riga shi.

Ruwan farko na bana ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi. Gari na wayewa na duba shimfiɗarsa, wayam, garma ma ba ta a jikin rumbu. Ashe ya miƙe zuwa tsohuwar gonar kakana a bayan dutse, wurin da yanzu duk gidaje ne da fegi. Ya shiga fegin wani bawan Allah ya hau huɗa, kunya bayan kunya, miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya. Kai ka san zamanin da muke ciki. Mutanen da ɓarayin daji suka koro daga ƙauyukansu, su ga baƙon tsoho yana tonon ƙasa a gindin katangarsu da sassafe, me za su ɗauka? Wasu suka ce asiri yake binnewa, wasu suka ce alama yake yi wa 'yan bindiga. Samari suka rufar masa. Shi kuwa, kai ya manta soja amma hannu bai manta ba, sai da ya zubar wa wani yaro haƙori. Allah ya sa wani ɗan kabu-kabu ya gane shi. Da igiyar shanu aka ɗaure shi, aka jefa a bayan a-kori-kura zuwa asibiti.

A ɗakin taimakon gaggawa na same shi, a ƙasa, hannu da ƙafa a ɗaure, gira a fashe, yana ihu da yarenmu C'lela yana kiran sunayen abokan golmonsa, waɗanda babu ko ɗaya a raye. Jama'a sun cika ƙofa da taga, kowa da maganin da yake bayarwa. Ni kaina ihu nake yi, na ce a yi masa allurar barci yanzu-yanzu ko in tara wa asibitin jama'a. Ranar na samu sunana.

Sai ga ka, da farar riga da farin gemu da goro a kunci. Ka kori 'yan kallo, ka ja ƙofa. Ba ka tsaya a kansa ba, tsugunawa ka yi har idonka ya zo daidai da nasa. Kowa tambayata yake yi me ya yi, kai kaɗai ka ce, "Ɗiyata, mi ya ɗauka sadda ya fita?" Na ce garma. Ka ce ina aka same shi, na ce tsohuwar gonar uban mahaifiyata. Ka jinjina kai. Kai mutumin Argungu ne, amma shekarun da ka yi a Zuru ba a banza ka yi su ba.

Ana haka Baba ya ɗago ya dube ka. Ihun ya tsaya cak. Ya sunkuyar da kai, yana ta kiciniyar kai ɗaurarrun hannayensa ga hular da ta daɗe da faɗuwa, ya gaishe ka da ladabin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya kira ka Yari. Ka waiwayo, na raɗa maka cewa sunan surukinsa ne, ya kai shekara talatin a ƙasa. Sai ka ce wa ma'aikacin da ke riƙe da allura, "Ajiye wagga. Ku kwance shi, ba a ɗaure mutum gaban surukinsa." Na ce yau za a yi kisan kai a ɗakin nan. Aka kwance. Baba ya zauna ya naɗe ƙafa kamar ɗan makaranta, ka wanke masa ciwo bai ko motsa ba.

Daga nan ka sa aka auna zafin jikinsa da jininsa da fitsarinsa, likita ya zo ya duba ya rubuta magani. Da yamma ka zaunar da ni a kan benci ka ce abu biyu ne ke damunsa. Ɗaya zazzaɓi ne da ya ƙara ruɗa shi, wannan zai wuce. Ɗaya ciwon mantuwa ne, wannan ba zai wuce ba, kuma duk wanda ya ce mini zai warkar da shi in riƙe jakata da kyau. Ka ce maganin ba zai dawo mini da ubana ba, zai dai rage masa firgita ya samu barci, ya kuma riƙe masa hawan jini. Na ji haushinka ƙwarai a kan wannan gaskiyar, na so ka ɗan sa mata sukari. Matsalar da ta biyo baya ita ce, Baba ba ya karɓar ƙwaya daga hannun kowa. Ni ya ce budurwar wani ce aka turo in sa masa guba. Likita kuwa, a riga Baba ya tofa masa ita. Kai kuwa in ka miƙa, hannu biyu yake sawa, domin mutum ba ya mayar da hannun surukinsa.

Ƙanena Aaron, kofur ne a Kontagora, ya iso ana shirin sallamarmu. Ya ga girar Baba, ya ga sawun igiya a wuyan hannunsa, ya fita kasuwa. Ya dawo da sarƙa da kwaɗo. Dangi suka rabu, masu cewa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, masu cewa gidan addu'a. Aaron ya ce babu inda za a kai shi, a gindin mangwaron gidanmu zai zauna da sarƙa a ƙafa, a ba shi ci da sha. Ya ce, "Yaya, gara in gan shi a ɗaure da in zo in tarar an ƙone shi a matsayin maye." Na so in zage shi, amma ba ƙarya ya faɗa ba. Yaron nan yana son ubansa, tsoro ne ya sayo sarƙar.

Kai ne ka tsaya tsakaninmu. Ka ce wanda ya yi shekara talatin yana fareti, in aka ɗaure shi wuri ɗaya ba zai ga girbi ba. Ka ce kana da 'yar gona a bayan gidanka, da danga kewaye, bayanka ya hana ka nomanta. "Ku kawo shi ya yi golmonai wurina. In ya san inda za shi kullum da safe, ba ya bin gari." Wayyo, Malam, ranar ka ji bakina! Na ce ubana Saje guda, mai fansho, shi za ka mai da ɗan ƙodago? Na ce kuma ƙarya za mu yi ta shirga masa har ya mutu? Ka bar ni na gama tas, ka tofar da goro, ka ce ba ka taɓa ce masa kai ne Yari ba, kuma ba za ka ce ba. Shi ya ba ka sunan, kai dai ba ka mayar masa ba. Ka ce dawar da ta fito tasa ce, ko zangarniya ɗaya ba ka so. Sannan ka tambaye ni abin da yake yi duk lokacin da aka ce masa Saloma ta mutu. Na ce kuka yake yi, kamar ranar aka yi mutuwar. Ka ce, "To mutum guda sau nawa za a kashe mai mata?" Har yau akwai wani lungu a zuciyata da bai gama yarda da kai ba. Amma Aaron ya rataye sarƙar a ƙusa, ya ce ya ba mu damina ɗaya.

Haka muka yi daminar nan. Kullum da safe in rako shi kafin in wuce makaranta, yana gaba da garma a kafaɗa, ina biye. Ka fito da ƙwarya cike da kunu da magani a tafin hannu, ya tsuguna ya cire hula ya karɓa. Ba ka taɓa ɓoye masa ƙwaya cikin kunu ba, ka ce ranar da ya gane to an rasa kunun an rasa maganin. Matarka Hajiya Indo ce ke dama kunun, amma ba ta taɓa fitowa gabansa ba. Ita ma ta karɓi nata matsayin. In ya ji muryarta ta bayan zana sai ya juya fuska ga danga, kunyar suruka. In na taso daga makaranta in same shi a inuwa, jiki duk ƙasa, yana murmushi. Ya ci abinci, ya yi barci. Damina guda bai bi gari ba ko sau ɗaya, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Ya shuka dawa da gyaɗa da wake, masu wucewa suna leƙowa ta kan danga suna tambayar wa ke yi wa Malam irin wannan noman na mutanen da.

Tambaya ɗaya dai ba ya fasawa. Duk safiya in ya shanye kunu sai ya ce, kai a ƙasa, "Baba, yaushe za a ba ni ita?" Kai kuma ka ce, "A bari dawa ta nuna tukuna." Wannan amsar ta hana ni sakat. Wata rana na tare ka a bakin asibiti na ce, to in ta nuna fa? In an girbe, gona ta zama fili, me za ka ce masa? Ka yi dariya har goro ya sarƙe ka. Ka ce, "Uwar gaggawa, ba a yi huɗa ba kina tambayar rumbu. Ina da dabarar rani, in an girbe ina faɗa miki." Na ce ka faɗa yanzu, ka ƙi. Ga shi ka tafi da ita, Malam, dawa kuma ta sunkuyar da kai.

Ba mu kaɗai ba ne. Zaryar da na yi a asibitin nan ta nuna mini tsofaffin da ake kawo maka, kusan kullum a ɗaure, kusan kullum sai da abu ya ɓaci. Na ga wata gyatuma daga wajen Ribah, jikokinta suka kawo ta, unguwa ta ce mayya ce don tana hira da matattu tana kiran sunayen 'ya'yan mutane. Ka sa aka auna, ashe ciwon mafitsara ne da ƙishirwa suka juya mata kai. Bayan 'yan kwanaki da ruwa da magani tsohuwa ta dawo garas, har tana yi wa masu shara faɗan ba su iya riƙe tsintsiya ba. Ba ka tsaya nan ba, ranar hutunka ka hau babur ka raka ta har gida, ka zauna a ƙofar mai unguwa ka yi bayani, don ka san in ba haka ba warakar ba za ta hana a jefe ta ba. Na ga wani dattijo daga Mahuta da aka kore masa shanu, ya daina ci ya daina magana, 'ya'yansa suka ce taurin kai ne. Ka ce ciwon baƙin ciki ne, kuma yana kisa kamar kowane ciwo. Kwanon abincinka ka riƙa kaiwa gefen gadonsa, ka ce kai ba ka iya ci kai kaɗai, ya taimake ka. Kunya ta sa ya fara kai loma. Kullum maganarka ga dangi ɗaya ce, cewa in tsoho ya birkice rana ɗaya a fara duba jikinsa kafin a zargi kansa, kuma a bar igiya wa shanu.

Ba waliyyi ba ne kai, kada in cika ka da yabo ka ji kunya. Kiran waya goma sai ka ɗauki ɗaya. Faɗanka ga masu kawo tsoho a makare yana sa wasu su fita da hawaye. Babban laifinka kuwa, wanda har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kai da kake auna jinin kowa ba ka auna naka. Hajiya ta ce maganinka na hawan jini a aljihun wata tsohuwar riga aka same shi, ko buɗewa ba ka yi ba. Haba Malam! Da safen ranar ka ba Baba nasa da hannunka, naka fa?

Aaron ya iso da yammacin Talata, bayan an dawo daga maƙabarta. Ya yi wa iyalinka gaisuwa, ya dawo gida ya sauko da sarƙar daga ƙusa, ya goge tsatsar da tsumma. Na ce ya ba ni safiya ɗaya. Ya ce safiya ɗaya, in Baba ya ƙi magani ko ya ɗaga hannu a gidan makoki, magana ta ƙare, kuma kada in sake buɗe masa baki.

Laraba da safe Baba ya ɗauki fartanya, don gyaɗa ta isa tono. Yana gaba ina biye, Aaron yana tura babur a bayanmu, sarƙar a cikin buhu a ɗaure a kujera, ina jin ƙararta duk inda ya taka dutse. Ƙofar gidanka cike da mutane a kan tabarmi. Baba ya tsaya ya dube su, ya daɗe, sannan ya zagaya ta ƙofar gona kamar kullum, ya tsuguna a wurin da ya saba, ya cire hula yana jira.

Jabiru ne ya fito da ƙwaryar, ido jawur, Allah ya yi masa albarka. Wato a cikin wannan tashin hankali an tuna an dama kunun. Ya miƙa maganin. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai wane ne? Ina mai gonar?" Jabiru ya sake miƙa masa maganin. Baba ya miƙe tsaye, ya mayar da hula, na ga yatsunsa sun damƙe ƙotar fartanya. Ya fara ɗaga murya, yana cewa an ɓoye masa suruki don a ba wani matarsa. Mutane suka fara leƙowa ta danga. Na ji Aaron yana kwance bakin buhu. Na ce shi ke nan, Malam ya tafi da ubana.

Sai murya ta fito ta bayan zana, a dishe, muryar matar da aka binne mijinta jiya.

"Haggai."

Baba ya daskare.

"Ni ce uwar yarinyar. Ni na aiko yaron nan. Hannuna za ka mayar?"

Malam, da ka gani. Fartanya ta faɗi. Ya cire hular da sauri ya juya fuska ga danga, ya durƙusa gwiwa biyu, ya miƙa hannu biyu ta gefe ba tare da ya duba ba. Jabiru ya zuba masa ƙwayoyin, ya haɗiye, ya kafa kai ya shanye kunun. Can cikin gida wata mata tana kuka.

Ina jira ya yi tambayarsa ta kullum, ina tunanin wa zai amsa. Bai yi ba. Yana nan durƙushe, fuska ga danga, ya ce, "Inna, na ga mutane a ƙofa. Maigida ne ko?" Hajiya ta ce, "Shi ne." Ba ta ɓoye masa ba, irin tarbiyyar gidanka. Baba ya jinjina kai, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Mutumin kirki ne, bai taɓa bari na yi noma da yunwa ba. Kada ki damu da gonar nan, Inna, ina nan. Ni zan girbe miki."

A duk gaisuwar da aka yi maka, da ta manyan gari da ta abokan aiki, ban ji wadda ta kai wannan ba. Mutumin da bai san sunan 'yarsa ba ne ya yi ta.

Ya ɗauki fartanya ya shiga gyaɗa. Can ya ɗago ya hangi Aaron tsaye da buhu a hannu, ya daka masa tsawa irin ta da: "Kai, tsayuwar me kake yi? Golmo mutum ɗaya ke yinsa?" Ya ɗauke shi ɗaya daga cikin abokansa. Aaron ya dube ni, ya dubi buhun, ya ajiye shi a gindin danga. Ya tuɓe takalmi, Jabiru ya miƙo masa fartanyarka. Suka yi ta tono kafaɗa da kafaɗa har rana ta take, ƙanena yana share fuska da hannun riga yana cewa gumi ne.

Kada in ce komai ya daidaita, domin bai daidaita ba. Aaron ya koma bakin aiki, sarƙar kuma bai jefar ba, tana ƙarƙashin gadonsa. Hajiya tana takaba, da nata ciwon, ban san iya kwanakin da za ta iya ɗaukar namu a kai ba. Na tambaye ta ko ka taɓa faɗa mata dabarar rani, ta ce ko ita ba ka faɗa wa ba, amma rumbu ya tsage, danga na neman gyara, kuma suruka ba ta rasa aikin da za ta sa suruki. Na ji sanyi kaɗan. Sai shekaranjiya Baba ya dawo daga gona ya ce dawa ta nuna, ya ciro babbar rigarsa daga akwati ya ce in wanke masa, don an ce in ta nuna za a ba shi matarsa. Na wanke. Tana kan igiya yanzu haka, ina rubutun nan ina kallonta, ban san abin da zan ce masa ba. A asibiti kuma ana nan ana kawo tsofaffi a ɗaure, ina roƙon Allah ya sa cikin waɗanda ka koya wa aiki a samu mai tsugunawa.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta ƙanena Aaron, da ta dukan gidan Saje Haggai, ga Hajiya Indo, wadda ba mu da bakin gode mata, da Jabiru da ƙannensa, da danginka na Argungu, da abokan aikinka, da duk gidan da ka taɓa kwance wa tsoho igiya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku, ya raya abin da ya bari.

Kai kuma Malam Yusha'u, Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Yadda ka rufa wa iyayen mutane asiri a ranar da hankalinsu ya tona su, Allah ya rufa maka naka. Yadda ka kwance, Allah ya kwance maka. Ya sa Aljanna ce makomarka.

Babana kuwa, golmonsa ya cika tun ban zo duniya ba, kuma yanzu babu mai iya ba shi Saloma sai Allah. Ba na gaggawar ranar, Malam, karon nan dai uwar gaggawa ba ta gaggawa. Amma duk ranar da ta zo, ina roƙon Allah ta same shi a gonarka da fartanya a hannu, ƙafarsa babu sarƙa. Amin.